Mutanen da Ke Bayan Rumfar Walda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gaban mutum kusan arba'in na yi wa wasu ƙarafa lacca. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji kamar in ja riga in rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na sha tafka wauta a rayuwa (matata za ta iya jero muku su ba tare da ta duba takarda ba), amma sauran duk a kaina suka ƙare. Wannan ce ta faɗa kan bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Lokacin ina ƙaramin akawu a wata masaƙa da ke Sharaɗa, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu. Duk wanda ya san Sharaɗa da Bompai da Challawa a wannan zamani ya san halin da ake ciki. Wuta ba ta zama, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi ya yi tsada, ga atamfar waje ta cika Kantin Kwari a farashin da ko zarenmu bai saya ba. Kamfanoni suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da, in jiniyar tashi ta kaɗa, kekuna ne ke cika titi har mota ta rasa hanya. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, masu abincin bakin ƙofa sun ragu daga goma sha wani abu zuwa biyu, kuma rabin 'yan acaɓar da ke jira a kwana tsofaffin masu saƙarmu ne. Ni aikina a ofis ya koma abu guda: buga takardun sallama. In na shigo da safe mutane ba fuskata suke kallo ba, fayil ɗin hannuna suke kallo.

Ma'aikata Furofesa suke ce min, kuma kar ku ɗauka yabo ne. Tarihi na karanta a jami'a, na fito da digirin da bai samo min komai ba sai wannan kujera, saboda haka nake fanshe haushina a kan duk wanda ya yi kuskuren yi min tambaya. In ka ce min ƙarfe nawa, sai na fara maka daga zuwan jirgin ƙasa Kano. Ni dai ina jin daɗin sunan. Sai daga baya na gane yadda suke ƙifta wa juna ido in sun kira shi.

Akwai wani dattijo, Malam Hudu mai walda, mutumin wani ƙauye ta wajen Kumbotso. Ya fi shekara ashirin a kamfanin, duk injin da ya karye shi ke ɗinke shi. Ba shi da yawan magana, daga rumfar waldarsa sai masallaci. A bayan rumfar, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai wasu mutum-mutumi biyar da ya ƙera da ɓaraguzan injin saƙa. Namiji dogo, an yi shi da bututu da sanda. Mace, an naɗe ta da falankin ƙarfe kamar ta ɗaura zani, da goyo a bayanta. Sai yara biyu a tsaye, babban yana riƙe da wilin keke irin wanda yara ke garawa. Namijin ya ɗan ja gefe, taku biyu tsakaninsa da macen, ya miƙa hannu ɗaya ya buɗe yatsu a kan iska. Kuma dukansu biyar ba su da kai. Daga wuya sai sarari.

Ba wanda ke kula su. Masu shara kan jingina tsintsiya a jikin macen, sai Malam Hudu ya zo ya ɗauke ba tare da ya ce uffan ba. Ni kaɗai ne nake tsayawa in rungume hannu in gyaɗa kai, don a ga dai akwai wanda ya fahimta.

Da aka yanke shawarar rufe ɓangaren saƙa gaba ɗaya, sai aka ce duk wani ƙarfe da ke filin kamfani za a sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Ana gobe za su zo, na ɗaga kai na ga Malam Hudu a ƙofar ofis, ya cire takalmi a waje kamar zai shiga zauren mai unguwa.

"Furofesa, alfarma na zo nema."

"Haba Baba, ku shigo mana. Ga kujera."

Bai zauna ba. Ya ce, "Mutanen nan na bayan rumfa. Na ji an ce komai za a ɗora a sikeli. Ƙarfen na kamfani ne, ban musa ba. Amma ka roƙar min Manaja a bar min su, in samu mai kura ya kai min gida. Kai ne ke jin bakinsa."

Manajan namu Ba'indiye ne da bai daɗe da zuwa ba, an turo shi ne musamman don ya rufe wurin. Hausarsa ba ta wuce "sannu sannu" ba, har sunan ya bi shi. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsa da ma'aikata sai ta biyo ta bakina.

Malam Hudu ya murza hularsa, ya ce, "Dama ya kamata in gaya maka yadda aka yi suka..."

Jama'a, a nan ne Allah ya ba ni dama ta farko, na sa ƙafa na shure ta. Na ɗaga masa hannu (dattijon da a haife ya haife ni, na ɗaga wa hannu!) na ce, "Baba, ba sai kun faɗa ba. Ai na daɗe da karanta su. Na san abin da kuke nufi da su, wataƙila ma fiye da yadda kuke zato."

Ya dube ni da mamaki. "Ashe ka sani?"

"Sarai kuwa."

"To, alhamdu lillahi. Ka hutar da ni." Ya sa takalminsa ya tafi, kuma na lura kamar an sauke masa kaya. Ni kuma na ɗauki biro da littafi na nufi gindin darbejiya, na yi ta zagaya ƙarafan nan har aka kira la'asar. Shafi uku na cika da Turancin da rabonsa da fitowa daga bakina tun ranar kare kundin digiri.

Washegari da hantsi 'yan gwangwan suka iso da motarsu da sikelinsu. Ma'aikatan da suka rage duk sun fito, ba aikin yi, suna kallon injinan da suka ci da su shekara da shekaru ana farfasa su da guduma. Wani tsohon mai saƙa ya juya baya da aka zo kan nasa. Manaja na tafe da takarda a hannu, direbansa Habu na biye da shi da lema, ni ina gefe, har muka iso bayan rumfar walda. Malam Hudu na tsaye kusa da ƙarafansa, ya sa wankakkiyar riga.

Na ce wa Manaja da Turanci dattijon nan na roƙon a bar masa waɗannan. Ya ɗan kalle su ta saman tabarau, ya kaɗa hannu, ya ce, "Wannan tarkacen? Ya kwashe abinsa." Ya ɗaga ƙafa zai wuce.

Shi ke nan fa. Magana ta ƙare. Abin da ya rage min kawai in juya in ce, "Baba, an ba ku." Kalma huɗu, kuma dama ta biyu ke nan. Amma shafi ukun nan suna aljihuna suna cina, ga taro, ga kalmar "tarkace" ta tsaya min a wuya. Sai na ji bakina yana cewa, "Yallaɓai, da izininka, wannan ba tarkace ba ne."

Ya tsaya. Na zaro takarda. Wallahi har gyaran murya na yi.

Na ce masa abin da yake gani tarihin talakan Kano ne gaba ɗaya a tsaye. Na faro daga Turawan mulkin mallaka da dalar gyaɗa, yadda aka raba manomi da gonarsa, aka gina masana'antu a kan gonakin mutanen Sharaɗa aka mayar da masu gonar leburori. Na nuna wuyan da ba kai na ce ga ma'aikacin zamani nan: jari-hujja ta cinye masa kai, hannunsa kawai take so, ba ta son tunaninsa. Na auna taku biyun da ke tsakanin namijin da macen da ƙafata, na ce wannan rata ita ce aikin kamfani da ya raba miji da iyalinsa, yana fita suna barci yana dawowa suna barci. Wilin keken na ce alamar masana'antar da ke juyawa ba ta zuwa ko'ina. Da na zo kan hannun nan da ke buɗe a kan iska sai na sassauta murya, na ce ga mutum yana laluben albashin da babu shi. Na rufe da cewa mai waldar nan da bai taɓa shiga aji ba ya rubuta da ƙarfe abin da malaman jami'a suka kasa rubutawa da alƙalami.

(Gaskiya laccar ta yi daɗi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi har yau. Da a jarrabawa ne, da na ci.)

Manaja ya cire tabarau. Ya zagaya ƙarafan sau biyu a hankali, ya taɓa kafaɗar macen, ya ja da baya ya karkata kai. Tarkacen ɗazu ya tashi daga tarkace. Ya ce, "Abin mamaki. Tambaye shi, da gaske abin da yake nufi ke nan?"

Na juya ina murmushi, na taƙaita wa Malam Hudu da Hausa, da ƙarfi don kowa ya ji: talakawa, masu jari, kan da aka cinye, albashin da babu. Ina magana fuskarsa na canzawa. Da na gama, har mai guduma a can gefe ya dakata.

"Furofesa," ya ce a hankali, "ai na zaci ka ce ka sani."

Sai ya nuna macen da haɓa, bai kalle ta sosai ba. "Wannan uwar yaran ce. Ga Rabi. Ta baya Ummi ce, ba a yaye ta ba. Wannan mai wilin kuma..." ya tsaya, don ɗan fari ne, ba ya kama sunansa, "yaron nan ne. Shekarar sanƙarau suka tafi, su huɗu, cikin kwana goma sha ɗaya. Ba mu taɓa ɗaukar hoto ba. Kullum sai a ce sai da salla. Da na ga kamanninsu sun fara ɓace min, ni kuma ba abin da na iya sai walda, shi ne na yi su."

Ya ci gaba, kamar mai ba da bayanin injin da ya lalace.

"Maganar kai, na tambayi liman ne kafin in fara. Ya ce siffa a kai take, in ba kai ba laifi. Shi ya sa na bar su haka. Ratar da ka auna kuwa, yo ina ni ina tsayawa jikin matata a gaban mutane? Ko tana da rai haka muke tsayawa. Hannun nan ba albashi yake nema ba. A kan yaron yake. Nan tsawonsa ya kawo min."

Na duba. Tafin hannun na daidai saman wuyan mai wilin keke, da tazarar kan yaro ɗan shekara tara. Na zagaya wurin nan da biro daga azahar zuwa la'asar ban gani ba.

Na ji gumi na bin bayana har cikin wando. Idon mutum arba'in a kaina, wasu tsofaffin ma'aikata sun sunkuyar da kai, don ashe su sun sani tuntuni, kawaici ne ya hana kowa faɗa. Manaja kuma, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dube ni da fara'a ya ce, "Me ya ce?"

Ga dama ta uku, kuma ita ce ta ƙarshe. Da na ce, "Yallaɓai, na yi kuskure, iyalinsa ne da suka rasu," da mutumin nan ya ba shi abinsa har da motar kaiwa, don ba mugu ba ne. Amma sai in tsaya a gaban ubangidana in ce duk shafi ukun nan shirme ne? A lokacin da ake zaɓen waɗanda za a bari a ofis? Kunya da tsoro suka haɗu suka rinjaye ni. Na buɗe baki na ce da Turanci, "Ya ce haka ne, Yallaɓai."

Habu direba, wanda ke jin Turanci daidai gwargwado, ya ce "Inna lillahi" a fili, ya sauke lemar. Sauran ma ba sai an fassara musu ba. Kowa ya san dogon zance ba ya komawa 'yan kalmomi haka.

Manaja ya kama hannun Malam Hudu da hannu biyu yana girgizawa, yana ta "sannu sannu". Ya ce abu irin wannan bai kamata ya ruɓe a ƙauye ba. Mai kamfanin yana son irin waɗannan kayan, za a kai Legas a ajiye a zauren babban ofis inda manyan baƙi za su gani, kuma in buga masa bayanin nan nawa tsaf a sa a gilashi a rataye kusa da su. Malam Hudu, ganin an kama hannunsa ana fara'a, sai ya russuna yana cewa, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Ya zaci an ba shi.

Ni na gaya masa ba a ba shi ba. Bayan an watse, a bakin famfon alwala, ina in'ina. Ban gaya masa an fara ba shi na ƙwace da bakina ba, ban kuma gaya masa abin da na fassara ba. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ce, "Ashe Turanci gajere ne haka." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya shiga masallaci.

Habu ne ya tare ni a wurin ajiye motoci. "Kai Furofesa, ba ka tsoron Allah?"

Na ce, cikin borin kunya, "To kai me ya hana ka faɗa?"

"Ni direba ne, lema aka ba ni in riƙe. Kai aka ba baki."

Na ce zan gyara gobe. Goben ta zo na ce bari Manaja ya huce daga rigimar 'yan ƙungiyar ƙwadago. Sai a rana ta uku na shiga ofishinsa na faɗi gaskiya, ina kallon ƙasa. Ya daɗe yana dubana, irin duban da ake yi wa abin da aka tako a hanya. Ya ce ya riga ya buga wa mai kamfani waya, ya yi masa alkawari, har an turo mota, kuma shi ba zai koma ya ce akawunsa ya yi masa ƙarya a gaban ma'aikata ba. Ka ga shi ma irin ciwona ne ya kama shi, kuma ni na shafa masa.

Ranar da motar ta zo, Malam Hudu da kansa ya yanke ƙafafunsu daga sumuntin da ya kafa su, wai kar ƙartin da suka zo lodi su lanƙwasa su. Shi ya naɗe kowanne da ragowar yadin da aka zubar, shi ya nuna yadda za a kwantar da su. Ni ina leƙe ta tagar ofis kamar ɓarawo. Da motar ta fita sai na ga ya nufo ni. Na ce yau zan sha zagin da na cancanta, har na ji sanyi a raina.

Ya cire takalmi a ƙofa kamar wancan karon. Ya ajiye wata 'yar sifana a kan teburina.

"Furofesa, wata alfarmar ce kuma. Kai ka iya rubutu. Ka rubuta musu wasiƙa ka haɗa da wannan. Goyon nan ban yi mata walda ba, noti ɗaya ne ke riƙe da ita, don nakan sauke ta wani lokaci. Ka ce su riƙa ɗaure shi, yana kwancewa. Kar ta faɗo a tsince ta a zata tarkace ce, a raba ta da uwarta."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, ku yafe min. Manaja ya riga ya ba ku su tun farko, ni na..."

"Habu ya gaya min," ya ce. "Ka dai rubuta."

Na rubuta. Ita ce wasiƙa mafi gajarta da na taɓa rubutawa, layi huɗu, ba Turawan mulkin mallaka ba dalar gyaɗa. Ba a taɓa ba da amsa ba. Bayan mako biyu na buga takardar sallamar Malam Hudu da hannuna, wata guda bayan nan na buga tawa (ko kuskuren harafi babu, aiki na iya shi). Babban ofishin na Legas ma na ji an sayar da ginin daga baya. Ban san inda mutanen nan biyar suke ba yanzu, ban san ko Ummi na bayan uwarta ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa.

Yanzu koyarwa nake yi a wata sakandare a Dorayi, kuma ɗalibaina suna min dariya wai na cika tambaya. Ko zanen yaro aka miƙo min, ko gida ne ƙarara da ƙofa da taga, sai na ce, "Wannan mene ne?" in kuma rufe bakina har ya gama. Su yi ta dariyarsu. Ni na taɓa tsayawa a tsakiyar mutum biyar marasa kai na yi musu bayanin dalilin rashin kansu, alhali su liman ne ya ce a bar su haka. Ni nawa rashin kan ba wanda ya ba da fatawa.